Gwangwanin Madara a Sabon Keke

Bari in faɗa tun da wuri, don kada wani ya ɗauka ni mai wayo ne: shekara guda cur idon Wilfred yana mutuwa a gabana, ban gane ba. Ni Kambai, da na yi shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, na riƙe hedimasta a makarantu uku, nake taƙama cewa tun daga bakin ƙofa ina gane yaron da bai yi aikin gida ba. Babban abokina yana makancewa, ni kuwa ina gabansa a kan keke ina fito.

Tare muka yi ritaya a ƙarshen 1973. Shi mutumin Zonkwa ne da aiki ya zaunar a Kafanchan, ni kuma ɗan nan ne. Yarensa daban, nawa daban, Hausa ce ta haɗa mu, da ita muke faɗa, da ita muke shiryawa. Yana kirana HM, kamar yadda ake kiran hedimasta, ko da yake sau ɗaya kawai ya taɓa aiki a ƙarƙashina, kuma ya ba ni wahala ƙwarai a lokacin.

Wanda ya ce maka ritaya hutu ce, bai yi ta ba. Lissafi ce daga safe har yamma. Fanshona naira talatin da biyu a wata, kuma har yau sai na mayar da ita fam goma sha shida a cikin kaina kafin in san abin da ke hannuna. A cire kananzir, a cire sabulu, a cire baikon coci da kuɗin makarantar autarmu, kafin ashirin ga wata matata Lucia ta fara yi mini wannan kallon nata. Garatutina kuwa ya maƙale a wani ofis a Kaduna. Sau biyar ina hawa jirgin ƙasa, sau biyar ana ce mini in dawo wata mai zuwa. Na Wilfred ya fito da wuri, sai ya kwashe ya zuba a citta a Kachia, bisa shawarar wani surukinsa. Farashi ya faɗi warwas, ya sayar da asara, ya dawo gida da buhunan banza. Ba ma tada wannan zancen.

Saboda haka kamun kifinmu ba na nishaɗi kaɗai ba ne. Tarwaɗa biyu miyar kwana biyu ce. Kowace Talata da Juma'a, da an idar da addu'ar safe, sai mu ɗaure gorar fatsa a jikin keke, mu rataya gwangwanin tana, mu tsallake layin dogo, mu miƙe hanyar Matsirga. Mil huɗu da ɗan wani abu. Akwai wata kwana da ruwa ke kwantawa a ƙasan duwatsu, nan ne wurinmu.

Kekena na lokacin tun 1952 na saye shi. Madigadin baya ya tsage na ɗaure da waya, gidan sarƙa ya lotse, in na taka feda sai ka ji ƙwaram, ƙwaram, tun daga tasha ana sanin Malam Kambai ya fito. Wilfred ya sa masa suna Jirgin Kaya. Shekara da shekaru yana wuce ni a guje, wai kada a gan shi da ni a ce tare muke. To a daminar 1974 sai ya sake hali. Da mun fito sai ya ja birki ya ce, "Wuce gaba, HM, kai ne babba." Ni kuma, kaico, sai na ji daɗi. Na ce a raina tsufa ya fara koya wa mutumin nan ladabi.

Akwai wani zalɓe da ke zuwa wurin namu. Yakan tsaya a kan dutse a tsallake, ya naɗe wuya, ya zuba mana ido bai ce komai ba, daidai yadda sufeton makarantu yake tsayawa a bayan aji. Sai muka sa masa suna Sufeto. Da mun iso Wilfred zai cire hula ya rusuna ya ce, "Barka da zuwa, ranka ya daɗe. Rajista a cike take, yara biyu ne kawai, duka sun zo." In muka yi awa ba mu kama komai ba, shi kuwa ya soka baki sau ɗaya ya ɗago da karfasa, sai Wilfred ya ce an rubuta mana mummunan rahoto. Ina son tsuntsun nan. Ban taɓa ganin halitta mai haƙuri da rashin fara'a irinsa ba.

Wata Juma'a Wilfred ya cire hula ya gaishe shi, har da tambayar iyali. Na duba, babu zalɓe. Wani kututture ne ruwa ya kawo ya jingine da dutsen. Na yi dariya har na ƙware. Shi ma ya yi, amma sai da na fara tukuna. Ya daina ɗaura ƙugiya da kansa, wai sanyin ƙashi ya kama masa yatsu. Ya cire totuwar da muke ɗaurawa a zare don mu ga lokacin da kifi ya ja, ya koma naɗe zaren a ɗan yatsa, wai haka kakansa yake yi. A coci ba ya buɗe littafin waƙa. Duk na gani da idona, na ce rigimar Wilfred ce kawai.

A watan Maris na 1975 garatuti ya fito, naira dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Ni da Lucia muka baje takarda a tebur: kwanon rufi, kuɗin makaranta na shekara biyu, saura a kai banki kada a taɓa. Na ce abu ɗaya nake so wa kaina bayan shekara talatin da ɗaya ina shaƙar alli, sabon keke. Ta ce Allah ya sa unguwa ta huta.

A bakin ruwa na gaya wa Wilfred, ina jiran ya yi tsalle.

"Me Jirgin Kaya ya yi maka?" ya ce.

"Af! Ba kai ne kake zaginsa shekara ashirin ba?"

"Zagi daban. Keken nan yana da sauran rai, HM. Ka sa kuɗinka a banki. Mai fansho da sabon keke, wa za ka burge?"

"Kaina zan burge."

"To ka saya, amma ka riƙa zuwa rafi da tsohon. Hanyar nan za ta lalata maka sabo."

Ya kawo wannan dalili, ya kawo wancan, har raina ya ɓaci. Ni kuwa in raina ya ɓaci bakina ba shi da birki. Na ce, "Malam Wilfred, in hassada ce ka fito fili. Ni dai ban zuba nawa a citta ba."

Ya juya fuska wajen ruwa yana naɗe zare a yatsa. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar in tsinke harshena.

Na sayar da Jirgin Kaya wa Gregory mai gyaran keke a bakin kasuwa, naira tara. Na sayo sabo fil, baƙi, naira tamanin da shida, da ƙararrawa da fitila da famfo. Kai, keken nan! In kana tafiya ba ka jin komai sai iska a kunnenka. Na zaga gari sau biyu ba tare da wani dalili ba.

Talatar bayan Ista muka fita. An yi ruwan farko kwana biyu kafin nan, ƙasa tana ƙamshi. Tun daga layin dogo Wilfred ya dame ni daga baya.

"HM, buga ƙararrawar mana in ji muryarta."

Na buga.

"Ƙara."

Na ƙara. Can kuma, "HM, ba ni labarin Kaduna. Ya ofishin yake?" Can kuma, "Ja mana waƙa." Na ce masa ni ba rediyo ba ne, ya bar ni in ji daɗin kekena. Sai ya yi shiru, ni ma na yi shiru, keken ma shiru.

Bayan an bar babbar hanya akwai wani mangwaro inda 'yar hanyar take karyawa hagu. In ka miƙe, kwazazzabo ne da ruwa ya ci, zurfinsa ya fi tsayin mutum. Mun bi wurin ya fi sau ɗari. Na karya hagu abina, ina kallon yadda rana ke walƙiya a kan ƙarfen keke. Sai na ji rugum a bayana, da ƙarar gwangwanin tana yana gangarawa.

Na yar da sabon keken a ƙasa, ban ma san na yar ba. Na same shi a ƙasan ramin, goshi ya fashe, jini yana bin gira, tayar gaba ta lanƙwashe. Ina ta faɗa, don tsoro ya kama ni. "Wane irin tuƙi ne wannan? Barci kake yi? Kama hannuna!"

Na durƙusa na miƙa masa hannu. Ya ɗago fuska, ya miƙo nasa, ya kama iska, kamu guda daga inda hannuna yake. Ya sake lalubawa, ya sake kama iska.

Kututturen nan ya faɗo mini a rai, da ƙugiya, da littafin waƙa, duka a lokaci ɗaya.

Na sauka cikin ramin na zauna kusa da shi. Na ce, "Wilfred, tun yaushe?"

"Tun bara." Ya goge jinin da hularsa. "Na hagu ya tafi. Na dama kuma kamar mutum yana leƙe ta cikin karan gwanda, shi ma da hazo. Lokacin da na je Kaduna kan takardun fansho na ga likita. Ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce wanda ya tafi ba ya dawowa, saura kuma a hankali zai bi."

"To yaya kake tuƙa keke, don Allah?"

"Jirgin Kaya nake bi. In ya yi hagu in yi hagu. In ƙarar ta yi sauri na san gangara ce, in ta yi tsalle na san rami ne. Shekara guda ban taɓa faɗuwa ba." Ya ɗan yi murmushi. "Wannan naka kuwa munafuki ne, ba ya magana."

Na yi kuka. Ba na jin kunyar faɗa. Dattijon ikilisiya, da furfura, a cikin rami, ina kuka, wanda ya ji ciwon ne yake ba ni haƙuri. Na ce ga kuɗi a banki, mu tafi Kano, mu tafi ko'ina. Ya ce in bar kuɗina, likitoci biyu ya gani, bakinsu ɗaya.

"Abu ɗaya nake roƙonka," ya ce. "Kada Paulina ta ji. In ta ji za ta kulle keken, ta rubuta wa ɗanmu Luke. Shi kuma yaron kirki ne, zai zo ya kwashe ni zuwa Kaduna, ya ajiye ni a ɗaki da kujera da rediyo. HM, ni ba makanta nake tsoro ba. Kujerar nan nake tsoro. Talata da Juma'ar nan su kaɗai suka rage mini."

Na yi masa alkawari. Muka bar kekensa a wurin wani manomi, na goyo shi a kariyar bayan kekena har gida. Paulina matarsa tana tsakar gida tana tankaɗe acca. Na ce akuya ce ta gitta masa. Ƙaryar ta fito a karkace, don ban saba ba. Ta dube ni, ta dubi mijinta, sannan ta daɗe tana kallon sabon keken. Ta ce, "Sannu, Malam," ta shiga ɗebo ruwan zafi.

Washegari da sassafe ina wurin Gregory. Na ce ya dawo mini da Jirgin Kaya, zan ba shi ninki biyu. Ya riƙe baki. Wai wani mutum daga ƙauyukan bayan Kachia ya saya tun ranar kasuwa, an ɗora a mota, bai ma san sunansa ba. Na zage shi tas a kan abin da ba laifinsa ba, daga baya na koma na ba shi haƙuri. Na ce to ya ɗauko keken Wilfred daga wurin manomin ya gyara tayar, ni zan biya. A gida na ɗauki sifana na sassauta madigadin sabon keken, na sassauta gidan sarƙa. Ya ɗan yi ƙis-ƙis, daga nan ya yi shiru abinsa. Lucia ta tsaya a ƙofa ta ce, "Naira tamanin da shida kake kwancewa?"

Mako biyu Wilfred bai fita ba. In na je gaishe shi sai in tarar da shi a kan kujera a ƙofar ɗaki, hannu a naɗe, ya kasa kunne wajen hanya. Sau ɗaya na je rafi ni kaɗai. Sufeto yana kan dutsensa, ya dube ni, ya dubi inda Wilfred yake zama. Ko tana ban soka ba na juyo gida.

Ranar Litinin da la'asar sai ga Paulina a gidana, da zanen zumuntar mata a jikinta, daga coci take. Ta gaisa da Lucia, ta ce wurin Malam ta zo. Na ba ta kujera a gindin lemo.

"Malam Kambai," ta ce, "akuyar nan, wace kala ce?"

Na fara laluben wata ƙaryar, sai ta ɗaga hannu.

"Bar shi, kada ka ƙara wani zunubin. Shekara talatin da huɗu ina zuba wa mutumin nan abinci. Kana tsammani ban ga ranar da ya fara laluben cokali ba? Maganin da yake ɓoyewa a cikin takalmin coci, wa yake goge takalmin?"

"Maman Luke, ya roƙe ni ne..."

"Na sani. Ni ma ban gaya masa na sani ba, don in na faɗa dole in hana shi, in na hana shi kuma na kashe shi. Kowace Talata da Juma'a ina tsayawa a bayan ƙofa. In na ji wancan tarkacen naka ya taho yana ƙwaram-ƙwaram, sai in ce, Ubangiji, ga idonsa ya iso. Ranar da ka zo da wannan," ta nuna sabon keken da haɓa, "ban ji zuwanka ba sam. Kafin in fito kun tafi. Na wuni a tsaye."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ta kwance bakin zane ta fito da wani abu ta ajiye a kan cinyata. Gwangwanin madara ne, an huda shi sama da ƙasa, an zuba tsakuwa da 'yan ƙusoshi a ciki, an zura igiya. Igiyar tsumma ce da aka kitsa gida uku, irin wadda take yi wa kowane abu a gidanta, daga maratayin ludayi har maɗaurin buhu.

"Na gwada a jikin turmi, ana ji daga bakin hanya," ta ce. "Ka ɗaura inda zai riƙa bugun ƙarfe. Ban da gudu. Ranar da ka ga ya kasa, kai za ka goya shi, kana ji? Kuma kada ka ce daga wurina ya fito. A bar masa sirrinsa."

Da safe na ɗaura shi a ƙarƙashin kariya, yana lilo yana dukan madigadi. Jama'a! Jirgin Kaya ma bai kai shi ba. Karnuka suka biyo ni. Gregory ya fito daga rumfarsa ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Malam, sabon keke! Me ya yi maka?" Na ce ya kula da facinsa.

Tun kafin in tsaya Wilfred ya fito ƙofar gida, da hula a kansa.

"Ka samo Jirgin Kaya?" ya ce.

"Ban samo ba. Ƙanensa ne. Ɗauko kekenka, rana tana yi."

Ya matso, ya shafa sirdi, ya shafa kariya, hannunsa ya sauka kan gwangwanin. Ya girgiza shi, ya yi dariya. Sai yatsunsa suka hau kan igiyar. Na ga yana bin kitson a hankali, gaɓa-gaɓa, har ƙarshe, ya sake dawowa. Dariyar ta tsaya. Ya daɗe a sunkuye.

Paulina tana tsakar gida ta ba mu baya, tana ta tankaɗe abin da na tabbata ta riga ta tankaɗe.

Ya miƙe, ya gyara murya, ya ce da ƙarfi, "Maman Luke, a daka barkono. Da tarwaɗa za mu dawo."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Kai dai ka dawo."

Muka kama hanya, ni a gaba ina ƙwaram-ƙwaram, shi a baya yana zagina, wai duk Kafanchan ba a taɓa hedimasta marar tsari irina ba. A wurin mangwaro na rage tafiya, na karya hagu, na ji tayarsa ta biyo ni. Sai a lokacin na saki numfashi.

Da muka jingine kekuna ya tambaye ni ƙasa-ƙasa, "Sufeto ya zo?"

"Yana nan, ya naɗe wuya, ransa a ɓace. Mako biyu ba ka zo aiki ba."

Ya cire hula ya rusuna, amma wajen wani dutse daban ya fuskanta. Na kama kafaɗarsa na ɗan juya shi dama.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri," ya ce. "Yara biyu ne, duka sun zo."

Sannan ya zauna a wurinsa, ya miƙo mini zare in ɗaura masa ƙugiya, bai ce komai game da sanyin ƙashi ba.